Akwatin Lakwal da Muryar Baba Nomau

Na ji abin da kuka ce jiya a bakin ƙofa, kuna zaton na tafi masallaci. Wai aikin nan ba wani aiki ba ne: a soka kile, ɗan abin kwafe bayanai, a jikin ordinatar, wato kwamfuta, a kwaso littattafai, a je a juye su a akwatin wata lakwal, wato makarantar boko, a dawo a zauna shan shayi. To, ku sababbin shiga aikin nan, ku matso kusa. Ni ba zan zauna ba, na fi iya magana a tsaye.

Ban fara da ordinatar ba. Na fara ne da wasu kwalaye takwas na littattafai da aka aiko daga Yamai zuwa ɗakin karatun nan na Filinge, lokacin yana hannun Mushe Alzuma, don Mushe muke ce wa malamin boko. Tsohon malamin lakwal ne da ya gama aiki ya ƙi zaman gida. Ranar da na zo ya miƙa mini almakashi da tarin kwalin sukari da aka shanye, ya ce in yanka su daidai tafin hannu. Kowane littafi da nasa ɗan kwali: sunan littafin, wanda ya rubuta shi, ajin da ya dace da shi, da kantar da zai zauna a kai. Sati uku ina wannan yanka da rubutu. Da na gama na je na shaida masa. Bai ko kalli kwalayen ba, ya ce in fita waje in tsaya. Da ya kira ni na dawo, sai ya ce, "Idi, ɗauko mini littahin lissahi na aji ukku, mai jan bango."

Na duba ɗan kwalin, ya ce kanta ta huɗu. Na je, babu. Na sauke kantar duka na mayar, babu. Tun hantsi nake nema har aka kira la'asar. Ashe shi ya ɗauke littafin ya cusa tsakanin na tarihi, taku biyu daga inda nake tsaye.

Ya ce, "Ka gani? Shina cikin ɗakin ga, amma mun rasa shi. Ɗan lakwal da yaz zo nemanai ba shi jira har la'asar. Tahiyatai za shi yi, kuma ba shi dawowa."

Shekara shida na yi a hannunsa, kuma kowace safiya kafin a buɗe ƙofa sai na bi kantoci ɗaya bayan ɗaya ina karanta bayan littattafai, ina mayar da wanda ya yi ƙaura. Lokacin da aka kawo akwatin farko idonsa ya riga ya mutu. Na ɗora masa a tafin hannu, abin bai fi sandar sabulu biyu ba. Na ce masa littattafan da ke ciki sun ninka na ɗakinmu sau da yawa. Ya shafa shi gaba da baya, ya ce, "Kanta nawa gare shi?" Na ce babu ko ɗaya. Ya miƙo mini abina. "To, yi mishi. In ba haka ba, juji na ka tarawa."

Kun san akwatin, amma a kan tebur kuka san shi. Lakwal ɗin ƙauye ba ta da kuran na lantarki, ba ta da rezo na salula. Sai a kafa pano a kan rufi ya sha rana, ya cika batir, batir ya tayar da akwati, akwati kuma ya yi ɗan rezo nasa da bai wuce filin lakwal ba. Yara su kama da tabilet su karanta. Duk abin da ke ciki yana zaune a kan kat-memwar irin ta salula, ƙarama kamar farce. A biro kuma, ofishinmu na nan, akwai babban diski da nake kira uwa, daga gare ta ake shayar da kowane akwati. Jakata kun gan ta: kile uku, sukurdireba biyu, ɗan burushin haƙori na share ƙura, gom na goge fensir, kwalbar alkol, da kaye, littafin da nake rubuta abin da na zuba a kowace lakwal da ranar da na zuba. Na zagaya da jakar nan a kan moto daga Bonkuku zuwa Damana zuwa ƙauyukan Kurfai har ban san adadi ba. Ban taɓa kwana uku a jere a gidana ba in lakwal na buɗe.

Akwai wani aiki a Bonkuku da nake so ku ji. Malamin Faransanci ya kira ni ya ce akwati ya cinye masa tambayoyin jarrabawar birebe na shekarun baya, ga jarrabawar gwaji saura kwana huɗu. Na tafi cikin bazara, rana tana dukan kwalkwali har sai na tsaya na jiƙa rawani. Na buɗe akwatin. Babu abin da ya cinye. Malamai biyar ne kowa yake zuba nasa yadda ya ga dama. Ga dosiye, wato jakar fayiloli, mai suna "sabo", ga "sabo biyu", ga "sabo na gaske", ga "kar a taɓa". A cikin "kar a taɓa" na samu hotunan bikin wani da bidiyon kokowa. Tambayoyin birebe suna can ƙasa cikin wani dosiye da ba shi da suna sai lamba. Kwana biyu na yi a ajin nan ina buɗe abu ɗaya bayan ɗaya ina raɗa masa suna: aji, darasi, abin da ke ciki, shekararsa, da wanda ya kawo shi. A wannan jeri, ba a sauyawa. Shi ne jerin da kuka ce ya yi tsawo.

A Damana kuma ni na yi laifin. An sauya littafin kimiyya na aji na ƙarshe, na zuba sabon, na manta ban cire tsohon ba. Bangonsu iri ɗaya. Wata malama sabuwar zuwa ta buɗe wanda ya fara faɗo mata, ta koyar da shi wata biyu cur. Sai da mai duba malamai ya zo aka gane. Ta biyo ni har nan, ta tsaya daidai inda kuke, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mushe Idi, ni anka yi wa faɗa gaban ɗiyan ajina." Na ce laifina ne, kuma na rubuta takarda na sa hannu na ba ta ta kai. Amma wata biyun nan babu takardar da ta dawo da su. Sai da ta riƙa tara yaran ranar Asabar har ƙarshen shekara. Tun ranar ba na zuba sabo sai na fara cire tsoho, kuma ba na tashi sai na ɗauki tabilet na nemi abin da kaina kamar ɗan aji.

Masu zuwa wurinku iri-iri ne. Direkta yana so a zuba masa komai, ko da littafin likitanci ne, don a ce lakwal ɗinsa ta fi ta maƙwabta. Malami yana son tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu, amma kada yara su ga amsoshin. Yara kuma za su gano hanyar cusa kiɗa da kokowa ko ka toshe ta sau goma. Duk waɗannan da sauƙi. Mai wuya shi ne wanda abinsa ke cikin akwatin, shi kuma bai taɓa riƙe tabilet ba.

A wani ƙauye arewa da nan, ba zan faɗi sunansa ba, akwai wani malamin tarihi, Mushe Sumana, mutum mai son aikinsa. Ya gaji da koya wa yara tarihin ƙasashen da ba su taɓa gani ba, sai ya ɗauki salula ya je wurin dattijon garin, Baba Nomau. Baba Nomau arne ne, bai bar addinin kakanni ba, kuma shi ke buɗe daji kowace shekara kafin a yi shuka. Zama uku suka yi. A na farko tsohon ya ba da labarin yadda kakanninsu suka sauka wurin da rijiyar da suka fara ginawa. A na biyu ya yi bayanin irin hatsi, da alamun ruwa, da itatuwan da ba a sarewa. A na uku hira ta yi daɗi, ya faɗi yadda ake buɗin dajin kansa: iskokin da ake kira, wanda ake fara kira da wanda ke biye, abin da ake yanka wa kowanne, da kalmomin da ake faɗa a gindin tsamiya.

Mushe Sumana ya ba ni ukun. Na saurari farkon kowanne, na raɗa musu suna yadda ya kamata, na zuba a akwatin lakwal ɗinsu a buɗe. Na kwafa a uwa, daga uwa kuma suka wuce lakwal biyu a zagayen da na yi bayan nan. Ban tambayi kowa ba. A ganina na yi aiki mai kyau.

Ranar wata kasuwar Filinge ina ɗaure jaka a moto sai ga amalanken jaki ya tsaya a ƙofar biro. Aka sauko da wani tsoho dogo, ƙashi da fata, da sanda. Wata mace mai kamar shekaruna tana riƙe da hannunsa. Ƴarsa ce, Kande. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa, ya sha ruwa. Sannan ya ce, "Kai na mai akwati?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Shekaranjiya na bi ta rijiya, na ishe ɗiya ƙanana suna jan guga suna waƙa. Da mi su ka waƙar? Da sunayen da ni kaina ban hwaɗi sai sau guda ga shekara, kuma sai na yi wanka. Suna yi suna dariya. Wanga aikinka na?"

Na ce nawa ne. Na fara bayanin cewa don kada ilimin ya ɓace aka yi. Ya ɗaga hannu.

"Ɗana, na ba Mushe magana don shina da hankali. Ban ba rijiya ba."

Na ce to zan goge yanzu. Ya girgiza kai.

"Ban ce a kashe ta ba. Na tsuhwa, kuma ɗana namiji ya tahi bakin teku, ba shi da niyyar dawowa. Ruhe ta za ka yi. Ta zamna garinmu, garinmu kaɗai. Kar ta zo Hilinge, kar ta tahi Yamai. Na rijiya da na hatsi kuwa, kai su inda ka ga dama."

Na ce, "Baba, a aikinmu ba a barin abu wuri ɗaya. In akwatin ya lalace, shi ke nan."

Ya ce, "Ni ma wuri guda ni ke."

Ban sake musu ba. A satin na bi lakwal biyun nan na cire, na cire daga uwa, na bar kwafi ɗaya tak a akwatin ƙauyensu a bayan kod, wato lambar sirri, na rubuta kod ɗin a takarda na ba Kande. Da na je, direktan ya ce mini dama wasu iyayen yara musulmi sun zo masa da ƙara kan wannan murya, su ma ba sa so ƴaƴansu su ji. Rufewa ɗaya ta raba gardama biyu. Daga lokacin na ƙara abu na shida a jerin suna: wa aka yarda ya gani. Kuma ba na karɓar muryar kowa sai na je na ji daga bakin mai ita.

Sai muguwar shekara ta zo. Kun san ta, wasunku a nan kuka ƙarasa karatu saboda ita. Mutanen daji masu bindiga suka fara zagayawa arewa, suna aiko da saƙo cewa a rufe lakwal. Malamai suka tattara suka fito, wani da jaka ɗaya, wani ko ita babu. Aka hana hawan moto a yankin gaba ɗaya, na jingine tawa a zaure, tayoyinta suka sace. Mutumin da ya saba da hanya aka ce ya zauna. Ina zuwa biro da sassafe, in buɗe kaye in karanta sunayen lakwal ɗin da ba zan iya zuwa ba, in rufe, in fita bakin tasha in tambayi masu motocin kasuwa labari. Wannan ya ce an cire pano a wuri kaza, wancan ya ce an ƙone bencina a wuri kaza. Yaran ƙauyuka kuma suka cika Filinge, aka yi musu azuzuwan zana. Na tattara tabilet da suka tsira, na ɗaura akwati ɗaya a kan kura da batir, ina tura shi daga wannan rumfa zuwa waccan, kowane aji awa biyu. Abin da ya riƙe ni ke nan a shekarar.

Ana saura kamar wata guda ruwa ya sauka, na dawo da kurar da rana na tarar da Kande zaune a inuwar bango. Ta rame. Na ce, "Yaya Kande, lafiya? Ina Baba?"

Ta ce, "Baba ya rasu tun da sanyi."

Na yi mata gaisuwa. Ta kwance bakin zane ta fito da takardar kod, ta yi laushi kamar tsumma.

"Mushe, muryatai ni ka so. Ta ukkun. Lokacin buɗin daji ya matso, tsohwahin da sunka rage su ukku na, kuma kowa da abin da shi ka hwaɗi. Wanga ya ce da wane a ka hwarawa, wancan ya ce a'a. Har sun bar gaisawa. Mutane sun ce in ba a buɗe daji ba, ba su shuka, ƙaura za su yi. Rabin gari ya riga ya ɗaure kaya."

Na ce, "Akwatin yana ina?"

"Direkta ya kulle shi cikin almuwar ran da za shi gudu, ya tahi da makulli. Babu mai taɓa kayan gwamnati. Kuma babu mai son a gane shi da kayan lakwal ga hannu."

Ta dube ni. "Ba ka aje wani nan ba? Ko a ɓoye?"

Na ce ban ajiye ba, haka Baba ya ce. Ta gyaɗa kai kamar dama amsar da take so ke nan, ko da yake ita ce amsar da ta fi wahalar da mu.

Na nemi direktan a salula, yana Yamai. Ya ce in fasa kwaɗon, ya yafe, amma shi bai ce in je ba. Na shaida wa shugabana, ya ce bai ji ba bai gani ba. Ranar da motar ƴan kasuwa za ta koma arewa na bar jaka da takalmi sau-ciki a gida, na sa tsohuwar riga da silifa, na jefa sukurdireba ɗaya a aljihu. Kande ta ce in an tambaya, ni ɗan ƙanen mijinta ne, na zo duba gona. Muka zauna a kan buhunan gishiri. Motar ta sauke mu a wata mararraba, muka ƙarasa da amalanke. Duk hanyar ba wanda ya yi magana mai tsawo. In an hango ƙura daga nesa sai kowa ya bi ta da ido har ta wuce.

Lakwal ɗin babu ƙofa ko ɗaya. Awaki sun mayar da aji na farko gidansu. An cire pano, an zare wayoyi har da ƙusoshinsu. A allon wani aji darasin ranar ƙarshe yana nan da rubutun Mushe Sumana, ba a goge ba. Almuwar ɗin, wato kabad ɗin ƙarfe, tana ofishin direkta, rufin kwano ya yaye a kanta, ruwan bara ya shiga. Na sa sukurdireba na ɓalle kwaɗon. Gara ta hau ta ciki ta gina gida tun daga ƙasa har sama, ta cinye rajista, ta lulluɓe akwatin da laka. Na ɓamɓaro shi, na fasa murfin, na zaro kat ɗin da farce. Haƙoranta na zinariya sun yi kore. Na naɗe ta a takardar goro na cusa a cikin hula. Ban yi minti arba'in a garin ba. Wata tsohuwa ta miƙo mini fura, a tsaye na sha, mai amalanke yana ta cewa mu tafi.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne hannu ke yin ɓarna. Na dawo biro na goge haƙoran kat ɗin da gom a hankali, na shafa alkol, na bari ta bushe. Na soka. Ordinatar ta ce ba ta gane kat ɗin ba, in yarda ta share ta ta gyara? Tambayar nan za ta zo muku wata rana, kuna gaggawa, yatsa yana kan maɓalli. Kada ku yarda. Na ce a'a. Na fara ɗaukar hoton kat ɗin gaba ɗaya zuwa wani diski, yadda ko ta mutu a hannuna ina da madadinta, sannan na sa manhajar tono ta bi hoton. Kuran ya ɗauke sau uku, sau uku ina sakewa daga farko. Na ari batir na haɗa. A kwana na uku ta gama.

Ta tono kusan komai, amma babu suna ko ɗaya. Duk jerin da na yi shekaru ina raɗawa ya tafi. Lambobi ne kawai, shafi bayan shafi. Na ware na murya daban, su ma ɗaruruwa ne. Babu wata dabara, sai a buɗe a ji. Na sa abin kunne. Wannan shifta ce ta Faransanci. Wannan darasin Ingilishi. Wannan gangar kokowa da yara suka cusa. Wannan ƙara ce kawai kamar ana soya. Kowanne na ji, in rubuta lambarsa a kaye in ja layi. Da safe in tura kura zuwa rumfunan yara, da rana in dawo in ci gaba. Kande ta sauka wurin wata ƴar'uwarta a bayan kasuwa. Kullum bayan la'asar sai ta zo ta tsaya a taga, ba ta tambaya, ni ma in girgiza kai, ta juya. Gajimare kuma ya fara haɗuwa ta gabas.

A rana ta tara na buɗe wata lamba, na ji zakara ya yi cara, na ji an ja tabarma, sai tari irin na tsoho. Muryar Mushe Sumana ta ce, "Baba, jiya kun ce za ku gaya mini yadda a ka buɗe daji." Na tsayar nan take, na cire abin kunne. Na duba tsawonta. A kayena na rubuta tun farko cewa ta kusa awa guda. Wannan minti ashirin da ƴan kai ce. Sauran ya tafi da koren nan. Na sake tonowa ta wata hanya har sau biyu, ba a ƙaru da daƙiƙa ɗaya ba.

Da ta zo taga na ce ta shigo. Na rufe ƙofa, na gaya mata gaskiya: na samu, amma rabi ne. Na ce zan kunna mata in fita.

Ta ce, "Zamna, Mushe. Kai ka ɗauko ta."

Na kunna. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta sunkuyar da kai. Tsohon yana magana a hankali, yana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin abin da ake ba kowanne. Leɓunanta suna motsi tare da shi. Ya kai tsakiyar wata jimla, ya ja numfashi zai ƙarasa, sai murya ta yanke.

Kande ba ta ɗaga kai ba. Ta ɗauki jimlar daga inda ya tsaya ta ƙarasa ta. Ta wuce ta gaba, da ta gaba, da irin saukar muryarsa da irin tsayawarsa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta fi rabin awa tana yi. Da ta kai ƙarshe ta shafa fuska da tafin hannu.

Na ce, "Yaya Kande, ashe kin san shi duka."

Ta ce, "Shekara talatin ni ka ɗaukar mishi ƙwarya zuwa gindin tsamiya. Kurma ce ni?"

"To me ya sa muka sha wannan wahala?"

"Don ni mace ta. Na hwaɗa musu tun ran bakwai ɗin rasuwatai, sunka ce in koma ga tukunya. Amma in sunka ji hwarkon daga bakinai, sunka ji bai saɓa da nawa ba ko kalma guda, sa karɓi ƙarshen daga bakina. Wanga rabin ya isa."

Na zuba mata a sabuwar kat, na gwada a ƴar rediyon da ta zo da ita, ta yi. Ta ƙulle kat ɗin a bakin zane. Na ɗauka mun gama. Sai ta nuna ordinatar da haɓa.

"Saura na cikin wanga."

Na ce, "Yaya, kin ga abin da ya faru da kwafi ɗaya. Bari in ajiye a nan a bayan kod. Ko kuma ki sake faɗin sauran in ɗauka, ya zama cikakke."

"Mi Baba ya ce maka?"

"Ya ce kar ta zo Filinge."

"To, ta zo bisa lalura, ta kwana tara. Sallame ta."

Na goge tana kallo. Ta ce in buɗe kwandon sharar ordinatar in zubar, wai an gaya mata abin da aka goge can yake laɓewa. Na zubar. Da kaina na nuna mata hoton kat ɗin da ke ɗaya diskin, wanda ba ta san da shi ba, na goge shi ma. Tsohuwar kat mai kore kuma ta karɓa ta haɗa da sabuwar. Ta yi mini godiya a taƙaice, ta fita tana sauri don kada motar kasuwa ta bar ta.

Bayan sati biyu mai amalanken nan ya shigo Filinge sayen igiya, na tare shi a tasha. Ya ce an buɗe daji. Tsofaffin uku sun zauna a zauren marigayin an kunna musu rediyo, da murya ta yanke Kande ta ci gaba daga bayan zana, ba wanda ya ce ta yi shiru. Ranar yanka babbansu ne ya tsaya a gindin tsamiya, ita tana bayansa da ƙwarya, in ya kakare ta faɗa masa a hankali. Waɗanda suka ɗaure kaya wasu sun tafi duk da haka. Mafi yawa sun kwance, sun yi shuka.

Na tambaye shi kat ɗin fa, tana ina. Ya ce shi bai san wata kat ba. Ya dai ga Kande ta tafi gona da kalme, bakin zanenta da ƙulli.